Yadda Ake Duba Birkin Babur da Gano Matsalarsa Tun Kafin Ya Daina Ci

Birkin babur iri biyu ne. Akwai na dram, wanda waya ko sandar ƙarfe ke jan wani ɗan hannu a cibiyar taya, shi kuma ya buɗe shu guda biyu, wato lanƙwasassun ƙarafa masu fuskar gogawa, su goga cikin dram ɗin, akwai kuma na faifai, wanda man birki ke tura fistin ya matse fad biyu a jikin faifan. Babura da yawa suna haɗa su, faifai a gaba, dram a baya. Idan aka taka birki, nauyin babur da na mahayi kan koma gaba, shi ya sa birkin gaba ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayarwa. Wanda ya saki birkin gabansa da gangan don tsoron kada ya kayar da shi, ya jefar da mafi yawan ƙarfin tsayawarsa ne.

Kafin a tayar da injin, a tura babur da hannu, a kama birkin gaba, a sake turawa a taka na baya, kowanne ya tsayar da taya nan take ya kuma saki da zarar an sake shi. A duba ko fitilar birki na kamawa da kowannensu. Liba, wato ƙarfen da ake matsawa da yatsu don kama birkin gaba, kada ta taɓo mariƙin hannu duk ƙarfin da aka matse ta.

A birkin dram, abin da ake aunawa shi ne tazarar da liba ko feda ke tafiya kafin birki ya fara ci. A ƙananan babura yawanci milimita 10 zuwa 20 ne a libar gaba, 20 zuwa 30 a fedar baya, amma littafin da ya zo da babur shi ne abin bi. Ana gyara tazarar da notin da ke ƙarshen waya ko sandar, a riƙa juya shi rabi-rabi, a tabbatar ɗan kwarmin da ke jikinsa ya zauna daidai kan fil ɗin hannun birki. Bayan haka a ɗaga tayar a juya ta, a saurara ko tana goga. Duk lokacin da aka ja sarƙa, tayar baya ta matsa daga wurinta, don haka dole a sake saita birkin baya.

Ɗaure noti yana da iyaka, kuma a nan ne aka fi yin ganganci. A jikin hannun birki akwai 'yar kibiya, a murfin dram kuma akwai alama. Idan aka taka birki har ƙarshe kibiyar ta kai ga alamar, shu ya ƙare, canji kawai ya rage. Wasu kan zare hannun su mayar da shi haƙori ɗaya ko biyu baya don su sami sauran zaren noti. Wannan dabara ce mai haɗari, domin ƙarfen da ke buɗe shu na iya juyawa ya wuce iyakarsa ya maƙale, taya ta kulle a tsakiyar tafiya. Idan an buɗe dram, a share ƙurar da tsumma mai danshi, kada a hura ta, saboda wasu shu na ɗauke da sinadarin asbestos mai illa ga huhu. A shafa giris ɗan kaɗan a wuraren da ƙarfe ke juyawa, ba tare da ya taɓa fuskar shu ba.

A birkin faifai, ana leƙa fad da tocila ba sai an kwance komai ba. Idan naman fad ɗin ya ragu zuwa kusan milimita 2, ko tsagin da ke tsakiyarsa ya shafe, a canja duka biyun tare. Idan ɗaya ya fi ɗaya cinyewa sosai, fistin ne ke maƙalewa ko fil ɗin da kalifa, wato gidan da ke riƙe da fistin da fad, ke zamewa a kai ya bushe. Shi ma faifan yana da mafi ƙarancin kauri da aka buga a jikinsa, kuma idan farce na maƙalewa a zurfin zanen da ke fuskarsa, zai cinye sabon fad da wuri.

Man birki yana bukatar a fahimce shi sosai. Raguwarsa sannu a hankali a ɗan gilashin tankinsa alama ce ta cinyewar fad, domin fistin na ƙara fitowa, mai na bin bayansa. Wanda ya cika tankin bai duba fad ba ya rufe wa kansa ido ne. Raguwa ta farat ɗaya kuwa yoyo ce, sai a bi tiyo da bakin kalifa a nemo jiƙa. Nau'in man da ya dace yana rubuce a murfin tankin. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, amma DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran. Waɗancan ukun suna zuƙar danshi daga iska: sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a kusan 155. Idan ya tafasa a doguwar gangara, tururi ya cika tiyo, liba sai ta tafi fayau babu birki. Saboda haka ake canja shi duk shekara 2, ko da launinsa bai yi duhu ba. Yana kuma cin fenti, a wanke da ruwa duk inda ya ɗiga.

Liba mai laushi kamar soso tana nufin iska ta shiga. Ana cire ta da siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki, a saka bakinsa ɗaya a notin fitar da iska na kalifa, ɗayan a cikin kwalba. A matsa liba sau da yawa a riƙe, a sassauta notin mai ya fita, a ɗaure kafin a saki liba, a maimaita har kumfa ya daina fitowa, ana kula kada tankin ya ƙafe.

Sauran alamomin ba su da wuyar karantawa. Ƙarar ƙarfe da ƙarfe na nuna fad ya ƙare tas. Liba mai bugawa a hannu na nuna faifai ya lanƙwashe ko dram ya daina zama da'ira. Birki mai tauri da ba ya ci yawanci mai ne ya taɓa fad, sau da yawa daga yoyon shokozoban gaba, kuma fad ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa, sai a gyara yoyon a sa sabo. Idan taya ta ƙi juyawa sakayau, faifai ya yi zafi bayan gajeriyar tafiya, a duba fistin, ko tankin da aka cika fiye da kima, ko wayar da ta yi tsatsa. Fitilar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi) da ta ƙi mutuwa bayan an fara tafiya aikin makanike ne mai na'urar bincike.

Bayan sa sabon fad, a matsa liba har ta yi tauri kafin babur ya motsa, domin matsin farko fistin kawai yake mayarwa wurinsa. A gwada a fili da ƙaramin gudu, sannan a guji taka birki da ƙarfi a tafiye-tafiyen farko har fuskar fad ta zauna daidai da faifan.