Idan an yi kuskuren magani wa jaririnki a asibiti yana kan kemo (maganin kansa)

Allah ya ba shi lafiya 'yar uwa, na san jikinki har rawa yake, amma ga abin yi.

Da farko in drip ɗin na tafiya ki kira nas ta tsayar yanzu, kar ki cire da kanki. Sannan ki ce a kira likitan kansar da ke duba shi.

Na biyu ki ɗau biro ko waya ki rubuta sunan maganin, nawa aka ba shi, nawa ya kamata, ƙarfe nawa. Maganin jarirai da nauyinsu ake lissafa shi, shi ya sa ki duba kilo nawa aka rubuta a fayil, lamba ɗaya in ta goce shi kenan. Ki tambaya ko akwai makari, misali maganin kemo mai suna methotrexate in ya yi yawa ana ba da maganin leucovorin kuma lokaci na da muhimmanci sosai.

Sai ki sa ido. Ki ƙirga famfas nawa ya jiƙa, amai, ƙin nono, barcin da ya wuce kima, ko wajen allurar ya yi ja ya kumbura. Zazzaɓi ya kai 38°C kuwa gaggawa ne ko tsakar dare, kar ki ba shi parasitamol kafin su gani.

Ki nemi su rubuta rahoto su zauna su yi miki bayani, haƙƙinki ne wallahi, ba rashin kunya ba.

Daga yau duk maganin da za a sa ki ce a karanta sunan jaririn da na maganin kina ji. Ki kira wani naki ya karɓe ki ki ɗan runtsa.