Darasi na 7: Harshe da Hannun Dama Maƙwabta Ne

Ku ajiye fensir tukuna. Kowa ya ɗora yatsa a kan leɓensa, ya ce "ba". Leɓɓa sun haɗu sun rabu. Yanzu ku ce "ta": kan harshe ya taɓa bayan haƙoran sama. Ku ce "ka": gindin harshe ne ya ɗaga can ciki. Ashe magana ma motsi ce, kamar daka ko saƙa, sai dai ta fi su sauri nesa ba kusa ba.

Mai ba da umarnin wannan motsi ita ce ƙwaƙwalwa. Ɓari biyu gare ta, kuma aikinsu a gicciye yake: ɓarin hagu shi ke juya hannu da ƙafar dama, na dama kuma ya juya na hagu. A wurin yawancin mutane, har da bahagwai da dama, wurin harhaɗa magana yana ɓarin hagu, daf da wurin da ke motsa leɓe, harshe da fuska. Na hannu kuma yana sama kaɗan.

Wani likitan Faransa, Paul Broca, shi ya nuna haka a 1861. Ya duba wani majinyaci da ya shekara kusan 21 ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Daga baya ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya rasu, Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa, ya tarar da rauni a gaba, ta hagu.

Wannan ne ya sa idan shanyewar ɓarin jiki ta kama dama, sau da yawa takan tafi da magana. Ina roƙonku ku riƙe wannan da kyau. Dattijo yana cin tuwo, loma ta suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace, aka tambaye shi ya kasa amsawa. Jini ne ya daina kai wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko jijiya ta fashe, kuma hawan jini ne kan gaba wajen jawo hakan. Kada a tsaya hayaƙi ko jiran safiya, kada a ɗura masa ruwa don yana iya shaƙewa. A kai shi asibiti nan take. Kuma kada a yi zancensa a kansa kamar ba ya nan. Mai yiwuwa yana jin komai, fitar da kalmar ce ta gagara.

Mu koma kan fensir. In yatsunku sun sage a makon farko, ba tsufa ba ne, hannu ne bai saba ba. Ku tuna yadda almajiri ke bin allo da yatsa yana ɗaga murya.

Aikin yi: ku rubuta ba, ta, ka sau goma-goma, kuna furta kowanne da ƙarfi yayin da hannu ke zana shi. Gobe ku zo da kalmomi 3 da suka fara da "ka".