Yadda ake saka katin modem na LTE a cikin rauta

Kafin ka kwance murfin rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, ka tabbatar gurbin da ke jikin allonta zai karɓi katin modem ɗin, wanda shi ne ke kamo intanet na LTE (4G) ta layin SIM. Gurbin da ake saka irin wannan kati, wato mini PCIe, haƙora 52 gare shi, kuma a ido ba za ka bambanta shi da gurbin mSATA na ma'ajiyar bayanai ba. Ko a tsakanin guraben mini PCIe ɗin ma akwai bambanci, domin yawancin katunan LTE ta layin USB da ke cikin gurbin suke hulɗa da rauta, alhali wasu allunan ba a ja musu wannan layin ba. Takardar bayanin allon ce za ta nuna maka gurbin da ke da USB da wanda aka haɗa da ramin SIM.

Ka zare wayar wuta gaba ɗaya, ka taɓa wani ƙarfe domin lantarkin da ya taru a jikinka ya sauka, sannan ka riƙe katin ta gefensa. Ka zura shi a karkace har haƙoransa su shige, ka danna ƙarshensa ƙasa a hankali, ka ɗaure da sukurorinsa.

Inda na fi ganin masu koyo suna yin asara shi ne wajen haɗa eriya. A saman katin akwai wasu ƙananan maɓallai masu launin zinare da ake kira U.FL, waɗanda ba su wuce girman ƙwayar dawa ba, kuma a kansu ake maƙala kan siririyar wayar da ke haɗa katin da eriya; an yi su ne don a cire a mayar kamar sau 30 kacal. Ni kaina na taɓa danna kan wayar a karkace, maɓallin ya ɓalle daga jikin katin, modem ɗin ya tashi aiki tun bai ga wuta ba. Saboda haka ka fara ɗaure ɓangaren SMA na wayar, wato ɗaya ƙarshen mai noti inda ake ɗaura eriyar waje, a jikin akwatin rautar, ka matse notinsa, domin idan ka bar shi sai daga baya, murɗa notin zai murɗa wayar ya fizge kan nata daga maɓallin. Daga nan ka ɗora kan wayar daidai bisa maɓallin, ka duba ta gefe cikin haske ka ga ya zauna sosai, sannan ka danna da farce har ka ji ɗan ƙas. Idan ya ƙi shiga, ka ɗaga ka sake daidaitawa. Ƙara ƙarfi lanƙwasa bakinsa yake yi. Ban yarda a sa filaya a wannan wuri ba ko kaɗan. Yana da kyau ka sayi wayar da rara guda ɗaya, tunda kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na katin.

Babbar eriya tana zuwa maɓallin da aka rubuta MAIN, ta biyu kuma AUX ko DIV. Na GNSS na gano wuri ne, ka ƙyale shi.

Ka saka SIM, ka ɗaura eriyoyin waje tukuna kafin ka ba da wuta. Idan rautar ta tashi, ka shiga shafin saitinta, ka ga ko modem ɗin ya bayyana, ka rubuta APN, wato sunan mashigar intanet na kamfanin layinka, sannan ka mayar da murfi.