Ƙura, rana da damina: kurakuran da ke kashe wa sababbin masu hoto kyamara

Duk shekara sai sababbin yara sun shigo harkar ɗaukar hoto, kuma duk shekara kuskure iri ɗaya ne ke kai kyamarorinsu wurin mai gyara. Yaro zai yi wata da watanni yana tari, ko yayansa ya aiko masa daga waje, ya kwana a YouTube yana koyon haske da kala, amma ba wanda ya tuna masa cewa mai bidiyon nan ba a garin da hazo ke rufe rana da azahar yake zaune ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin shago. Bari in rubuta, duk wanda ya zo min da kuka in tura masa ya karanta.

Yawancinku faɗuwa kuke tsoro. Kuna riƙe kyamara hannu bibbiyu, kuna hararar duk wanda ya matso. To, a cikin kyamarorin da na ga sun lalace a hannun yaranmu, waɗanda faɗuwa ta kashe ba su da yawa. Ƙura ce, da zafi, da laima, sai kuma hannun mai kayan da kansa lokacin da yake ganin gyara yake yi.

Babban laifi shi ne cire lensi, wato gilashin da ake ɗaurawa a bakin kyamara, a fili. Ƙurar hunturun da muke sha daga Nuwamba zuwa Maris, wadda iska ke kwaso da yawa daga cikinta tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ba irin yashin da kake gani a ƙasa ba ce. Laushinta ya kai ta yini tana yawo a iska ba ta sauka ba. Ka share teburinka da safe, ka dawo da la'asar ka rubuta sunanka a kai da yatsa. A cikin wannan iskar kake buɗe cikin kyamara, sensa, wato ɗan allon ciki da haske ke sauka a kai ya zama hoto, a waje, musamman waɗannan na zamani marasa madubi da ba abin da ya tsare tsakanin bakin kyamara da sensar. Kuma ka lura, Sallah tana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar Sallah ta riga ta shigo watan Maris, wato shekarun da ke tafe a cikin hazo da ƙura za mu riƙa ɗaukar hawa.

Wannan kuskuren ya taɓa aljihuna, shi ya sa nake zafi a kai. Wani yaro da ke koyon aiki a wurina na ba shi kyamarata ta biyu ranar Hawan Daushe a Kano. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu da yamma ya san yadda wurin yake: dawakan hakimai suna zuwa a guje domin jafi, 'yan bindiga suna ta saki, hayaƙin albarushi ya gauraya da ƙurar kofato har ba ka ganin wanda ke gabanka sosai. A tsakiyar wannan ne yaron ya ga dokin da ya burge shi can nesa, ya cire ƙaramin lensi, ya bar kyamara rataye a ƙirjinsa baki buɗe tana kallon sama, ya sunkuya yana laluben dogon lensi a jaka. Da ya lura da ɗige-ɗige a hotunan, sai ya sake buɗewa ya hura da baki. Yawu ya haɗu da ƙura ya manne. Da dare, don kar in gani, ya ɗauko audugar goge kunne ya dirje. Washegari a Hawan Nassarawa duk hoton da sama ta fito a ciki akwai layi a kwance daga kusurwa zuwa tsakiya. Ya karce gilashin da ke kan sensa. Sai Legas aka aika ta, kuɗin gyaran ya kusa sayen wata ta hannu, kuma bukukuwan bayan Sallah, lokacin da mai hoto ke samun na shekara, da kyamarar haya na yi su.

Laifi uku ke nan a jere, kuma na farkon ne kaɗai ƙura ta yi. Sauran biyun hannunsa ne.

Ga yadda nake yi, ban ce kowa ya yarda ba. Tun daga gida nake yanke shawarar lensin da zan yini da shi. Ranar hawa, ko wasan dambe, ko kilisa, ko cin kasuwar ƙauye, abin da na ɗaura da safe shi zan dawo da shi. Hoton da ya fi ƙarfin lensin nan na yafe shi. In kuwa dole ce ta sa, sai in koma mota in rufe gilashi. In babu mota, in juya wa iska baya, in shigar da kyamarar ƙarƙashin riga, in kashe ta, in kifa bakinta ƙasa, sabon lensin kuma na riga na sassauta murfinsa na baya kafin in taɓa na jiki. Kashewar tana da amfani: wasu, kamar Canon R5 da R6, suna sauke labule su rufe sensa da zarar an kashe su. In ka ga ɗigo, famfon iska na roba kawai za ka sa, baki yana kallon ƙasa. Bai fita ba? Bar shi, kwamfuta za ta goge shi a hoto, ka kai wa wanda ya iya. Mai son ya san halin da sensarsa ke ciki ya ƙuntata ƙofar hasken lensi zuwa lambar f/16, ya ɗauki farin bango ko sararin sama, ya buɗe a kwamfuta. Sai dai ya shirya ganin abin da ba zai so ba.

Ƙanin wannan laifin shi ne goge gilashin gaba da gefen riga. Haba jama'a! Kullum ina gani a wurin biki, mutum ya ɗan hura, ya kama bakin shaddarsa ya murza, har yana jin daɗi wai ya yi tsafta. Ƙurar da ke kan gilashin nan ƙananan duwatsu ne, kai kuma ka danne su ka zagaya da su, kamar mai wanke tukunya da yashi. Ba ranar za ka gani ba. Sai bayan wata shida, ka ɗauki amarya rana na bayanta, hoton ya fito fari-fari ba armashi, ka ce lensin ya tsufa. A jere ake yi: iska tukuna, sannan burushi mai laushi, sannan ƙyallen gilashi, shi ma wanda yake ɗaure a leda, ba wanda ya yini a aljihu tare da goro da makulli ba. Ban da tishu, ban da turare, ban da ruwan wanke gilashin mota. Ni kowane lensi nawa akwai filta, wato ɗan siririn gilashin kariya, a gabansa. Na san masu cewa tana rage kyan hoto, kuma a kan mai arha suna da gaskiya. Amma gara in canza filta da in canza lensi.

Lensin da ke tsawo yana komawa idan ka murza, irin 18-55 ɗin da ke zuwa da kyamara, iska yake zuƙa yana fitarwa, ƙura na bin ta. Ranar hazo mai yawa nakan sa masa leda in ɗaure da kyauro a kan hularsa, wato zoben da ke bakinsa mai tare rana. Ba kyan gani, ana yi min dariya, ban damu ba. Wanda kuma mai shago ya ce masa kyamararsa “ba ruwa ba ƙura”, ya sani in lensin ba shi da irin wannan kariyar, ta jikin kaɗai ba ta isa ba.

Sai zafi. Buɗe littafin da ya zo da kyamararka, in ba ka jefar ba. Canon, Nikon, Sony, yawancinsu abu ɗaya suka rubuta: a yi aiki da ita tsakanin digiri 0 zuwa 40. A Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna wuce 40 a inuwa. Cikin motar da aka rufe aka bari a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Amma sai ka ga mutum ya jefa baƙar jaka a but, ya shiga masallaci, daga nan ya wuce cin abinci. Robar jikin kyamara ta fara ɓanɓarewa, man da ke cikin lensi ya yi ruwa ya gangara inda bai kamata ba, batir ya kumbura. Batirin da ya kumbura kar ka tura shi da ƙarfi, in ya shiga ba lalle ya fito ba, kuma yana iya kamawa da wuta. In kana jiran fitowar ango a rana, yafa wa kyamara farin tawul. Dogon lensi kuma kar a bar shi ba murfi yana fuskantar rana, yana tara haske wuri ɗaya ya ƙona abin da ke ciki.

Bayan ƙura, damina ce ta biyu da nake ɗaga murya a kanta, domin ɓarnarta a ɓoye take. Kowa ya san ya gudu in hadari ya taso. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ke faruwa bayan kun dawo gida. Yayyafi ya ɗan taɓa jaka, ko gumin bayanka ya jiƙa ta, ka zuge zif ka tura cikin durowa, ba aiki sai bayan sati biyu. Duhu, ɗumi, laima: funfuna ba ta neman abin da ya wuce haka. Tana farawa daga gefen gilashi ta ciki, zare-zare fari, tana yaɗuwa, in ta daɗe ta cinye rufin da aka shafa wa gilashin, ko an wanke tabon yana nan. Wani abokin aikina ya ari dogon lensina a watan Agusta, ya dawo min da shi a cikin jakarsa mai ɗanshi, ni kuma ina tafiya. Da na haska shi da fitilar waya bayan damina, na yi salati. Har yau ina amfani da shi, amma kuɗinsa ya faɗi warwas, kuma ba na yarda ya kwana wuri ɗaya da sauran.

Maganin ba tsada. Jaka ta tafiya ce, ba wurin kwana ba. Ka dawo, fito da komai, goge, bar shi ya sha iska, jakar ma a buɗe. Sannan ka samu roba mai murfin da ke rufuwa ruf, ka zuba ƙunshin silika, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, amma da yawa. In ka samu ɗan agogon auna laima ka jefa ciki, ka nemi ya tsaya tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. Silika tana ƙoshi, sai an riƙa busar da ita, in ba haka ba ado ce kawai. Masu zuba shinkafa, Allah ya ba ku haƙuri, garinta kuke ƙara wa kayanku. Haka in za ka sayi lensi na hannu, musamman wanda ya zauna a Legas ko Fatakwal, haska shi ta baya da fitila kafin ka ƙirga kuɗi.

Akwai kuma na masu esi. Ka fito daga mota ko ɗakin otal mai sanyi ka shiga iskar damina, nan take gilashi ya yi gumi, kuma ba waje kaɗai ba, har ciki. Bar kyamarar a jaka a rufe kamar minti 20 zuwa 30 ta saba da waje. In ruwa ya shige ta sosai, ko na sama ko irin na Matan Fada ranar da masunta suka afka kogi a Argungu, cire batir da memori nan take. Kar ka kunna “don ka gani ko tana yi”. Kunnawar ce ke ƙarasa ta.

Sauran ƙanana ne, amma ku ji. Igiyar wuya a wuya take zama, ba tana lilo a gefen tebur inda yaro zai ja ba. Ƙafar kyamara in ka kafa a wurin biki, rataya mata jaka ta yi nauyi, kuma kar ka ba ta baya lokacin liƙi. A wurin kamu ka yi nesa da masu fesa turare da kaskon turaren wuta, maiƙonsu yana zama a gilashi. A adaidaita sahu jaka a cinya, hannunta a naɗe a damtse, ta ɓangaren ciki, domin masu fizgen waya ba sa ƙin kyamara. Jakar da aka rubuta sunan kamfani ɓaro-ɓaro talla ce ga ɓarawo. Tawa tsohuwar jakar makaranta ce da na yi wa soso a ciki. Rubuta lambar jikin kowane kaya ka ajiye a waya da takarda. Memorin da ya cika ya koma aljihun gaba, kar ya kwana a jaka ɗaya da kyamara: in an sace kaya za ka iya sayen wasu, ɗaurin auren mutane kuwa ba za a sake maka ba. Kar ka jona caja lokacin da ake tayar da janareta. Abokin ango da ya ce “ɗan kawo in gani”, nuna masa a hannunka.

Shingen sojoji, barikin 'yan sanda da filin jirgi kuwa, kyamara ta koma jaka tun kafin ka iso, ko da ba ɗauka kake yi ba. Rataye a wuya ma ta isa a tsayar da kai, kuma in aka karɓa, ranar dawowarta ba a hannunka take ba.