Yadda Ake Saƙa Rigar Sanyi Ba Ɗinki da Injin Kwamfuta

Ɗauki rigar sanyinka ka juya cikinta waje. Idan ka ga ɗinki ya bi gefe tun daga hammata har ƙasa, wani kuma ya bi hannu, to tsohuwar hanya aka bi: an saƙa gaba daban, baya daban, hannaye daban, sannan aka haɗa. A wasu masana'antun ma yadi ake saƙawa mai faɗi, a ɗora fatan, a yanka da almakashi yadda tela ke yi, ƙyallayen su tafi shara. Kamfanin Shima Seiki na garin Wakayama a Japan yana cewa wannan yankan kan ci har kusan kashi 30 cikin ɗari na yadin.

Shi wannan kamfani, wanda Masahiro Shima ya kafa a 1962, da injin saƙa safar hannu ya fara. Safar hannu kuwa bututu ne ƙanana na yatsu da ke haɗuwa su zama babban bututu ɗaya. Riga ma haka take: jiki bututu, hannaye bututu biyu. Daga wannan tunanin ne kamfanin ya fito da injin WHOLEGARMENT a baje kolin injinan masaƙa na ITMA da aka yi a Milan a 1995, inji mai fitar da riga sukutum ba ɗinki. Kamfanin Stoll na Jamus ma ya fitar da irin nasa. Ga yadda aikin ke tafiya.

Mataki na 1: Tsayar da geji da zare tare

Geji shi ne yawan allurai a cikin inci ɗaya na gadon inji, wato farantin ƙarfen da allurai ke jere a kai. Geji 5 ko 7 na riga mai kauri ne, geji 12 zuwa 18 na mai laushi wadda ake sawa ƙarƙashin kwat. Ba a zaɓar zare a gefe guda, geji a wani gefen. Zare mai kauri a kan siraran allurai karya ƙugiya yake yi, siriri kuma a kan manyan allurai sai ya ba ka saƙa sakwa-sakwa mai nuna fatar jiki.

Nemi zare mai ninki biyu. Mai sili ɗaya yana da murɗa wadda ke jan saƙar gefe guda, kuma a riga mai siffar bututu ba wani ɗinkin gefe da zai riƙe ta, sai ka ga bayan wanki rigar ta karkace. A tabbatar an shafa wa zaren kaki lokacin naɗa shi a kwarkwaro domin ya riƙa sulɓewa a cikin allura. A kuma bar shi ya kwana a ɗakin da za a yi aikin. Ulu da zaren roba ba sa son busasshiyar iska: suna tara lantarki, su riƙa mannewa suna tsinkewa. Ɗakunan gwajin zare a laimar kashi 65 suke aiki, don haka wanda zai kafa inji a inda hunturu ke busar da komai, ya sa na'urar jiƙa iska cikin lissafinsa tun farko.

Mataki na 2: Saƙa gwaji, ka wanke shi, sannan ka auna

A nan mafi yawan riguna ke lalacewa, tun ba a fara su ba. Saƙa ɗan yanki kamar santimita 30 a kan 30, da zaren da za ka yi aiki da shi, a kan injin da za ka yi aiki da shi. Kada ka auna shi yana saukowa daga inji, domin a miƙe yake saboda jan da aka yi masa. Wanke shi yadda mai rigar zai wanke, ka busar, ka shimfiɗa shi ya huta. Sai ka ɗora tef a tsakiyarsa, nesa da baki, ka ƙirga zoben zare (kowane madauki da allura ta yi) nawa ne a cikin santimita 10 a kwance, layi nawa ne a tsaye.

A ce ka samu zobe 60 a kwance, layi 84 a tsaye. Gaban riga mai faɗin santimita 52 zai ci zobe 312, tsayin santimita 40 daga ƙasa zuwa hammata kuma layi 336. To duba abin da gaggawa ke jawowa. Da 60 ɗin nan kafin wanki ka same shi, bayan wanki ya koma 63, zobe 312 ɗin nan santimita 49 da rabi kawai za su ba ka. Gaba ya rage biyu da rabi, baya ma haka, ƙirji ya matse da santimita 5. Rigar babba ta koma ta ƙaninsa, kuma ba ɗinkin da za a farke a saki.

In saƙar ta yi tsauri ko ta yi sako-sako, sai a gyara tsawon zobe. Injin yana da saiti na yadda allura za ta ja zare ƙasa, kuma injinan zamani suna auna tsawon zaren da kowane layi ya ci, suna gyara kansu ana cikin saƙa, don kada hannun dama ya fi na hagu tsawo.

Mataki na 3: Zana rigar a manhaja

Shima Seiki na da manhajarsa mai suna SDS-ONE APEX, Stoll kuma ya fitar da M1plus. Za ka shigar da awon jiki da lambobin gwajinka, manhajar ta mayar da su taswira mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo zobe ɗaya ne, launinsa kuma umarni ne ga allura. Abubuwan da allura ke iya yi ba su da yawa. Ko ta ja sabon zobe ta cikin tsohon, ko ta karɓi zare ta riƙe tare da tsohon ba tare da ta saki ba, ko ta kwanta zaren ya wuce ta bayanta, ko ta miƙa zobenta ga allurar da ke fuskantarta. Duk wani ado da ka taɓa gani a rigar sanyi, kitso ne, ramuka ne, tudu ne, daga waɗannan huɗun ya fito.

Miƙa zoben nan shi ke ba riga siffa. Idan aka ɗauke zobe aka ɗora a kan maƙwabcinsa, faɗi ya ragu da ɗaya. Da haka ake fitar da ƙugu, da gangaren kafaɗa, da zagayen wuya, ba tare da almakashi ya taɓa komai ba.

Manhajar tana nuna rigar a allo a jikin mutum-mutumi, tana kuma gwada saƙar layi-layi ta nuna inda allura za ta ɗauki zobe fiye da ƙarfinta. Ka gyara duk inda ta nuna. Amma hoton allo ba ya gaya maka yadda rigar za ta zauna a wuya ko ko tana ƙaiƙayi, wannan sai an saƙa ta farko an sa.

Mataki na 4: Shirya inji

Injin shimfiɗe yake, gadajen allura biyu suna fuskantar juna kamar jinkar ɗaki, gaban riga a gadon gaba, bayanta a gadon baya. Kan injin yana zirga-zirga dama da hagu yana ɗaga allurai yana sauke su, zare kuma yana zagayawa daga gadon gaba zuwa na baya, bututu ya fito. Matan da ke saƙa kayan jarirai da rigunan sanyin makaranta da injin hannu a gida za su gane komai a nan, domin allura mai ƙugiya da ɗan murfi da yawancin injinan ke aiki da ita iri ɗaya ce tun ƙarni na 19. Bambancin shi ne kwamfuta ke zaɓar kowace allura ita kaɗai.

Akwai wata matsala da ya kamata ka sani kafin ka sayi inji. Idan duk allurai na gaba da baya suna riƙe da zobe, ina za a miƙa zobe in ana son rage faɗi ko saƙa bakin hannu mai kamawa? Injin mai gado biyu yana warware wannan da tsallake: allura ɗaya ta yi aiki, ta kusa da ita ta zauna ba komai, saƙar sai ta fito da kauri fiye da gejin injin. Mai gado huɗu yana da ƙarin gadaje biyu a sama waɗanda ake aro, shi ya sa yake iya fitar da riga mai laushi sosai. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma in rigunan hunturu masu kauri za ka yi, ban ga dalilin biyan kuɗinsa ba.

Zura zare ta cikin na'urorin jan zare na sama har zuwa bakin da ke kai shi ga allura, zare daban na jiki, daban na kowane hannu. Hure gashin zare daga gado, ɗiga mai, bi allurai da yatsa ka tabbatar kowane murfi yana buɗewa yana rufewa.

Mataki na 5: Saƙa

Ana farawa da 'yan layuka na zaren banza wanda injin zai kama ya riƙa jan saƙar ƙasa. Daga nan bututu uku su tashi tare a jere, jiki a tsakiya, hannaye a gefe, hannayen suna ƙara faɗi sannu a hankali. Da an kai hammata sai injin ya matso da hannayen su haɗu da jiki, ukun su zama ɗaya, a ci gaba da rage zobe har wuya, a rufe bakin.

Tsaya a kan injin lokacin haɗa hammatar nan. Zoben wurin suna shan ja daga ɓangare uku, kuma in rami zai fito, a nan yake fitowa. In ka ga haka, rage gudun inji a waɗannan layukan, ka ɗan ƙara tsawon zobe. Riga ɗaya kan ɗauki daga kusan rabin awa zuwa fiye da awa guda, gwargwadon geji da ado. Ka kuma tuna cewa a tsohuwar hanya in allura ta karye a hannun riga, hannun kaɗai ake sakewa. A nan rigar gaba ɗaya ce ta tafi, sai dai a warware zaren.

Mataki na 6: Ƙarasawa

Zare zaren banzan, cusa jelar zaren da suka rage da kwarashi, wanke, busar, ba ta tururi a kan allon da ya yi daidai da awonta, sannan ka auna ƙirji da tsayi da hannu ka gwada da abin da ka zana. Sa ta a kan fitila ka duba ramuka da zoben da ya zame. Duk gyaran da ka gani, koma manhaja ka yi shi kafin ka saki sauran.

Irin waɗannan injinan shimfiɗaɗɗu ne ke saƙa saman takalmin gudu, kamar Flyknit na Nike da Primeknit na Adidas da suka fito a 2012. Matakan ba su canza ba, sai dai taswirar: a matse saƙa a dunduniya da gefen ƙafa, a bar ramukan shan iska a kan yatsu, a kuma haɗa da zare mai narkewa a wuraren da ake son tauri, wanda in aka gasa shi da zafi yake ƙame saƙar kafin a manna ta a kan tafin takalmin.