Tsallen sanda: yadda ake gyara gudu da tashi daga ƙasa

Wanda ya fara ganin tsallen sanda a talabijin, idonsa a sama yake: yadda ɗan wasa ke kifewa ƙafafu sama kai ƙasa, ya saki sanda, ya haye karan da aka gitta. Koci kuwa ƙafa yake kallo. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar wannan wasa ita ce gudu da taku ukun ƙarshe. Sanda ba ta da ƙarfin kanta. Abin da ka zuba mata na gudu shi take ajiyewa idan ta lanƙwashe, shi take mayar maka idan ta miƙe. Armand Duplantis na Suwidin, wanda ya tsallake mita 6.30 a Tokiyo cikin Satumba 2025, taku 20 yake yi a lokacin, kuma kafin ya iso akwati, wato gurbin da ake kafa bakin sanda a ƙasa, gudunsa yakan kai mita 10 a sakan ɗaya. Saurayi ko budurwar da ke koyo a Katsina ba za su fara da taku 20 ba, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Bayanin nan na mai amfani da hannun dama ne: hannun dama a sama, sanda a gefen dama, tashi da ƙafar hagu. Bahago sai ya juya komai.

Riƙo da ɗauka

Sabon shiga ya tsayar da sanda a ƙasa, ya miƙa hannun dama iya miƙewarsa, ya ƙara kamar tafi biyu a kan inda hannun ya kai. Nan ne riƙonsa na fari. Hannun hagu ya sauko ƙasa da na dama kamar faɗin kafaɗa, wato santimita 45 zuwa 60 gwargwadon girman mutum. Idan tazarar ta yi yawa, ɗauka za ta yi daɗi amma kafa sanda zai yi wuya, don kafaɗar hagu za ta tokare. Idan ta yi kaɗan, nauyin bakin sanda zai rinjayi hannu.

A wurin farawa, hannun dama yana jikin ƙugu, na hagu yana gaban ƙirji da tazarar tafi ɗaya ko biyu, gwiwar hannun a ƙarƙashin wuyan hannu. Bakin sanda ya kalli sama sosai, kamar digiri 60 zuwa 70. Dalili shi ne sandar da ke tsaye nauyinta a kan ƙugunka yake, wadda ta kwanta kuwa jan ka take yi gaba, sai ka ga mutum ya banƙare baya don ya tare ta, gudu ya lalace. Kada a riƙa kaɗa sanda gaba da baya. Kafaɗu su kalli gaba, hannaye su ɗan yi motsi sama da ƙasa tare da taku, shi ke nan.

Auna gudu

A ƙa'ida hanyar gudu ba ta gaza mita 40 ba, faɗinta mita 1.22, amma mai koyo ba ya buƙatar ko rabinta. Taku 6 ko 8 sun ishe shi watannin farko. Mai matsakaicin ƙwarewa yakan yi 12 zuwa 14, manya 16 zuwa 20. Ana ƙara taku bibbiyu, kuma ba a ƙarawa sai wanda ake kai ya zauna daram. Tsawon gudun da mutum ba ya iya sarrafawa gajiya kawai yake kawowa.

Ga yadda ake fitar da alamar wurin fara gudu. Ka tsaya a wurin tashinka (bayaninsa na nan tafe) ka juya wa katifar sauka baya, ka ɗauki sanda, ka ruga kamar tsalle za ka yi. Abokin atisaye ya sa alama inda ƙafar hagu ta sauka a taku na ƙarshe. A maimaita sau huɗu ko biyar, a ɗauki wurin da ƙafar ta fi yawan sauka, a auna da tef daga bangon akwati, a rubuta a littafi. Auna da tafin ƙafa yana yaudara, musamman in an canza takalmi.

Tsayuwar fari ita ce inda yawancin kuskure ke samo asali, kuma ba a cika lura da ita ba. Ƙafar hagu a kan alama, ka ɗan jingina baya, ka tura. Takun farko na dama ne, ƙirga kuwa na hagu ake yi: mai taku 12 hagu shida zai ƙirga, na shidan shi ne tashi. Wanda yau ya fara da ɗan tsalle, gobe da tafiya, jibi da sanɗa, ba zai taɓa samun alama tsayayya ba. Kuskuren santimita biyar a kowane taku na farkon gudu yakan taru ya zama tsawon tafin ƙafa guda a ƙarshe.

Gudun kansa hawa-hawa yake. Takun farko masu ƙarfi ne, ana tura ƙasa baya. A tsakiya jiki ya miƙe, gwiwa ta tashi, ƙafa ta riƙa sauka a ƙarƙashin ƙugu. Taku shidan ƙarshe su fi kowanne saurin juyawa, kamar kiɗan kalangu idan ya ɗau zafi. Koci mai kunne ko bai duba ba yakan ji daga ƙarar takalmi ko tsallen zai yi kyau.

Ana sa alama ta biyu, wato alamar tsakiya, a gefen hanya, taku shida kafin tashi. Wannan ta koci ce, ɗan wasa kada ya kalle ta. Amfaninta babba ne, domin tana warware wani rikici da ke ɓatar da masu horarwa da yawa. Yaro ya tashi kusa da akwati fiye da kima, sai a ce masa ja baya. Ya ja baya, ya sake shigewa ciki, a ƙara ce masa ja baya. Alhali in an duba alamar tsakiya za a ga tun can yana nesa; idonsa ya gaya masa ba zai kai ba, shi ya sa yake buɗe taku yana miƙa ƙafa, har ya zarce. Maganin irin wannan shi ne a matso da shi gaba santimita 20 ko 30, ya sami damar gajarta taku ya ƙara sauri. Wanda ya taka alamar tsakiya a ciki kuma yana daddatsa taku kamar mai tsoron taka ƙaya, shi ne ake mayarwa baya.

A gasa an yarda ka sa alama har biyu a gefen hanya, da tef mai manne ko abin da masu shirya gasa suka bayar. Alli da duk abin da ba ya gogewa an hana.

Taku ukun ƙarshe

Sanda ba a sauke ta farat ɗaya. Tun daga wajen alamar tsakiya bakinta ke fara sunkuyowa da nauyin kansa, kai kuma kana bin ta da gudu. Idan saura taku uku, bakin ya kasance daidai tsayin ido ko goshi.

Daga nan hagu, dama, hagu. A hagun farko hannun dama ya bar ƙugu ya hau ta jikin haƙarƙari, yana manne da jiki. A dama, hannun ya kai saitin kunne zuwa goshi, tafin ya juya, na hagu yana tura gaba da sama. Kafin hagun ƙarshe ya taɓa ƙasa, hannun dama ya riga ya miƙe sak a kan kai, damtse kusa da kunne. Kalmar da koci zai yi ta nanatawa ita ce "da wuri". Hannun da ya makara shi ne uwar matsaloli: sanda ta daki bangon akwati gwiwar hannu na lanƙwashe, ta fizge kafaɗa baya, ƙugu ya wuce gaba, mutum ya rataye kamar wanki. Wani kuskuren shi ne zagayo da hannu ta gefe kamar mai jifa, wanda ke karkatar da sanda ya jefa mutum gefen katifa.

Takun kusa da na ƙarshe yakan ɗan fi tsawo, ƙugu ya ɗan sauka kaɗan ƙwarai. Na ƙarshe gajere ne mai sauri, tafin ƙafa ya sauka kusan gaba ɗaya a ƙarƙashin jiki. Wanda ya miƙa ƙafa ya caka dunduniya a gaba, birki ya taka.

Ina ne wurin tashi?

Akwatin da ake kafa sanda tsawonsa mita ɗaya ne, faɗin bakinsa santimita 60, ya tsuke zuwa 15 a ƙarshe, zurfinsa santimita 20. Ka sa bakin sanda a jikin bangonsa, ka tsaya ka miƙa hannun dama sama. Inda yatsun ƙafar hagu suke, a daidai ƙarƙashin hannun sama, nan ne wurin tashi. Misali, wanda hannunsa ke kaiwa mita 2.10 a tsaye, ya riƙe sanda a mita 3.60, wurin tashinsa kusan mita 2.77 ne daga bangon akwati. Idan ya ɗaga riƙo zuwa 3.70, wurin ya koma kusan 2.90. Ke nan duk santimita 10 da aka ƙara a riƙo, sai an ja alamar farawa baya da kamar 13. Mutane da yawa suna ɗaga hannu su manta da ƙafa.

Idan ƙafa ta shige gaban wannan wuri, sanda za ta daki bango tun kana ƙasa, ta cinye gudunka, bayanka ya sha wahala. Tafi ɗaya a ciki ana iya haƙuri da shi. Santimita 30 ya zama haɗari. Idan ƙafa ta yi nesa da yawa kuma gudun ba shi da ƙarfi, sanda ba za ta kai tsaye ba, sai ta dawo da kai kan hanya. Vitaly Petrov, kocin Sergey Bubka, ɗan wasan da ya fara tsallake mita 6 a Faris a 1985, ya koyar da cewa ɗan wasa ya gama tura ƙasa kafin sanda ta ɗauki nauyinsa. Wannan shi ne abin nema, kuma ba ya samuwa sai da hannu mai sauri.

Tashin kansa irin na dogon tsalle ne, gaba da sama. Ƙafar hagu ta miƙe har yatsu, gwiwar dama ta harba gaba, ƙirji ya shige, ido na kallon tsakanin hannaye. Ƙafar hagu ta tsaya a baya, doguwa, na ɗan lokaci kafin lilo ya fara, wato wurga ƙafafu gaba da sama. Kada a ja sanda da hannu. Mai ja yana gajarta kansa, ya kashe tafiyar sandar. Hannun hagu kuma ya tura sama, kada ya ƙame ya tokare ƙirji.

Katifa tana ba da labari. Wanda ke sauka a tsakiyarta riƙonsa daidai ne. Mai sauka kusa da akwati ya sauke riƙo da tafi ɗaya nan take, ba sai an yi gardama ba. Mai wucewa can ƙarshe ya ɗaga riƙo da yatsu biyu ko uku, ko ya koma sanda mai ƙarfi. Kowace sandar faiba akwai nauyin da aka rubuta a jikinta, kada wanda ya fi wannan nauyi ya hau ta. Kuma idan ka ji taku ya ruɗe, ka fasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Muddin kai ko sanda ba ku taɓa ƙasa ko katifa a bayan bangon akwati ba kuma lokacin da aka ba ka na tsalle bai ƙare ba, kana iya komawa ka sake.

Atisaye inda babu katifa

Katifar manyan gasa mita 6 ce tsawo da faɗi, kaurinta santimita 80. Katifun kwana da aka jera ba sa maye gurbinta, kuma kada a gitta kara a kansu. Sai dai rashin katifa bai hana koyon duk abin da aka faɗa a sama ba.

Gudu da sanda a fili, sau 6 zuwa 8, da hutun minti biyu ko uku tsakani, ana kafa bakin a kan tsohon tawul da zai zame, koci na duba alamar tsakiya da ta tashi. Kafa sanda a tafe, hagu dama hagu, sau 20 zuwa 30 kullum, da sandar tsintsiya ma ya yi, har hannu ya haddace. Sai ramin yashi na dogon tsalle: a tone shi ya yi laushi, a yi ɗan gurbi a bakinsa, a zo da taku 4 da riƙo ƙasa-ƙasa, a tashi a bi sanda a sauka da ƙafa biyu ana kallon gaba. Gora mai kauri marar tsaga tana yin wannan aiki. Da gora Cornelius Warmerdam na Amurka ya tsallake mita 4.77 a 1942. A dai duba ta kullum, don iskar hunturu na busar da ita ta tsage. Wanda ya taso yana langa ya riga ya sami rabin ƙarfin ƙafar tashi. A mayar da ita atisaye, tsalle goma-goma a kowace ƙafa, sau uku, a kan ƙasa mai laushi, kwana biyu a mako.

Yanayin Katsina yana shiga lissafi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Idan tana dukan fuska, taku na gajarta: matso da alama gaba santimita 15 zuwa 30, a sauke riƙo. Idan tana bayanka, ja baya. Ta gefe ta fi kowacce sharri, don tana kama sandar da ke tsaye. A rage tsayin ɗauka, ko a jira ta lafa. Ƙura na sa hannu santsi, don haka a naɗe wurin riƙo da tef, a riƙa goge shi da tsumma. A bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, aikin gudu da sassafe ko bayan la'asar ake yinsa, da ruwa a kusa. Sandar faiba kada a yar da ita a rana ko a kan tsakuwa, kada a ɗaure ta tsirara a kan Keke Napep. Ƙaramin karce ya isa ya karya ta a sama. A saka ta cikin bututun roba irin na masu aikin famfo, a toshe bakin biyu da tsumma.