Yadda Ake Buga Katunan Tsaka-tsaki Daga Kujerar Farko a Poka

A wasan Texas Hold'em, nau'in poka da ake raba wa kowa kati biyu sannan a buɗe biyar a tsakiya don kowa, wanda ke hagun mai zuba babban kuɗin dole (kuɗin da tilas a zuba kafin a raba kati) shi ke fara magana kafin a buɗe katunan tsakiya. A teburin mutum 9, mutum 8 ne ke bayanka, kuma bayan an buɗe katunan, yawancinsu sai sun ga abin da ka yi kafin su motsa. Shi ya sa katin da ke kawo riba a kujerar ƙarshe yake cin kuɗi a nan.

Fara da ƙirga 'yan wasa. Idan ku 9 ne, kada abin da kake shiga da shi ya wuce kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na katunan da ake raba maka. Idan ku 6 ne, kana iya kaiwa kashi 15 zuwa 18.

Sai ka dubi masu ruɗin ido: A-J, A-10, K-J da Q-J waɗanda alamarsu ta bambanta. A cikakken tebur, jefar da su. Wanda zai bi ka yakan riƙe A-K ko A-Q, kuma A-J ba ya cin A-K sai kusan sau 1 cikin 4. Babbar ɓarnar tana zuwa ne ranar da A ya faɗo a tsakiya. Kai da shi kowa na da A biyu, ka yi ta zuba kuɗi har kati na biyar, a buɗe, K ɗinsa ya danne J ɗinka. Amma idan alamarsu ɗaya ce, A-J, A-10 da K-Q sun cancanci shiga, domin suna da hanyar haɗa kati biyar masu alama ɗaya.

Ƙananan tagwaye, daga 2-2 zuwa 6-6, suna samun na ukunsu a katuna ukun farko na tsakiya kusan kashi 12 cikin 100 kacal. A teburin mutum 9, ajiye su ya fi.

In za ka shiga, shiga da ƙari: ninki 2.5 zuwa 3 na babban kuɗin dole, adadi ɗaya ko katinka A-A ne ko K-Q, don kada a karanta ka. Biyan kuɗin dole kawai gayyata ce ga na bayanka su ɗora maka.

Kafin ka tura kuɗin, yanke abin da za ka yi idan wani ya ƙara a kan naka. Da A-10, janye. Da tagwaye irin 7-7 ko 8-8, bi shi kawai idan kuɗin da ke gabanka da nasa kowanne ya kai ninki 15 na abin da za ka biya.